Ƙarfen Kik a Kan Murfin Tukunya

A shekarun da aka kwaso ma'aikata daga Kano aka zube su a Dutse, aka ce ga sabuwar jiha sai ku yi ta aiki, babu abin da ƙaramin ma'aikaci ya tsana irin a tsayar da shi a hanya a ce, "Mai mashin, kasuwa za ni." Duk haka muke, kada wani ya yi maka ƙarya. Amma Malam Mika'ilu na unguwar Limawa, akawu a sakatariya, nasa ciwon ya fi na kowa tsanani.

Babur ya saya, ja, na hannu ne amma da sauran ƙuruciyarsa, irin wanda ake tayarwa da ɗan maɓalli. Ka ɗora babban yatsa ka danna, ya yi tari sau ɗaya ya kama. A lokacin irinsa ba su da yawa a garin. Yana da ƙarfen kik a gefe kamar kowane babur, to wannan ƙarfen shi ya tsone wa Mika'ilu ido. A ganinsa, mutum ya tattare babbar riga ya ɗaga ƙafa yana dukan ƙarfe yana gumi a gaban jama'a, ai wannan aikin 'yan acaɓa ne. Ran da wata tsohuwa ta tare shi a bakin kasuwa da ƙunshin kuka ta ce ya kai ta Fagoji, ranar ya dawo gida a fusace, ko hula bai cire ba ya ari sifana ya kwance ƙarfen da hannunsa. Yanzu duk mai ido zai ga wannan babur ba na haya ba ne.

Matarsa Zaituna ce kaɗai ta tanka. Ta juya ƙarfen a hannu ta ce, "Malam, in abin yatsan ya ƙi wata rana fa?"

"Ke dai ki kula da tukunyarki," in ji shi.

Ta kuwa kula da ita. Murfin tukunyar wakenta ya daɗe da lanƙwashewa, da ta tafasa sai ya yi ta rawa yana zubar da ruwa a wuta. Ta wanke ƙarfen tas ta ɗora a kai, ya zauna daram. Tun daga ranar ya shiga cikin kayan girki.

To Mika'ilu yana da uba, Baffa Bubayero, a wata ruga can bayan Buji. Tsoho ne dogo siriri, a bayan shanu ya yi rayuwarsa har cutar yana ta zo ta rufe masa ido biyu. Rana da dare kawai yake bambancewa. Mika'ilu ne ɗansa na fari, kuma wanda ya san Fulani ya san abin da wannan ke nufi. Tun da aka raɗa wa yaron suna, sunan bai taɓa fita daga bakin uban ba. Ba ya kiransa, ba ya kallon fuskarsa. In ta kama dole sai ya ce "kai," in kuma da wani yake zance sai ya ce "mutumin Dutse." Kunya ce, ba ƙiyayya ba, kowa ya sani, Mika'ilu ma ya sani. Amma sanin bai hana abin yi masa ciwo ba, ga shi da 'ya'ya, ga furfura ta fara tsiro a gemu, har yanzu yana jin zafinsa.

Ya yi roƙo har ya gaji a kan Baffa ya bari a kai shi Kano a duba idon. Tsoho ya ce shi ba za shi garin da ba a jin kukan saniya ba. Ana nan sai maƙwabciyarsu Sista Chundung, ma'aikaciyar jinya ce 'yar Jos, ta leƙo ta kan katanga wata safiya.

"Baban Ziyad, likitocin ido sun zo daga nesa, suna cire yana kyauta. Ran Alhamis za su gama, da la'asar su naɗe kayansu. Ka kawo Baba, ni da hannuna zan shigar da shi."

Mika'ilu ya aika saƙo ruga, ya sake aikawa, shiru. Sai ana saura kwana ɗaya amsa ta zo ta bakin wani mai sayar da nono. Ya bar ofis ya hau babur ya tafi a ranar, da niyyar ya kwana su taso da sassafe.

Baffa ya karɓe shi yana fuskantar wani gefe, kamar kullum. Ya ce, "Kai. Sau ɗaya zan bi ka. In Allah ya nufa, to. In bai nufa ba, kada ka ƙara yi min zancen asibiti."

"Na ji, Baffa."

Da a nan abin ya tsaya da lafiya lau. Amma da yamma ruga ta taru a kan babur, kuma Mika'ilu ba mutumin da zai ga jama'a ya ƙi nuna musu abin yatsa ba ne. Ya danna ya tashi, ya kashe. Mata suka ce a sake, ya sake. Ya buga hon, 'yan maruƙa suka tsinke da gudu, aka yi ta dariya. Da duhu ya fara shiga ya kunna babbar fitila ya haska wa masu tatsa, babur a kashe, wai ya nuna musu yadda ake yi a birni. Can sai Baffa ya miƙo hannu yana lalube ya ce, "Ina abin da ake taɓawar?"

Mika'ilu ya kama babban yatsan ubansa ya ɗora a kan maɓallin. Rabonsa da riƙe hannun nan tun yana ƙaramin yaro. Tsoho ya danna, babur ya ɗauka, ya janye hannu da sauri yana salati, sannan ya ce a kashe zai sake. Ya sake, ya kuma sakewa. Wa zai ce masa ya isa? Ba dai Mika'ilu ba, wanda daɗi ya kusa kashewa.

Da safe ya ɗora Baffa a baya, ya danna. Babur ya yi wani dogon nishi irin na mai ciwon baya kafin ya kama. Mika'ilu ya ji nishin nan sarai da kunnensa, ya ce wa kansa sanyin safiya ne. A tsakiyar bazara, jama'a, sanyin safiya!

Suka kama hanyar rairayi, Baffa ya riƙe ƙarfen baya da hannu biyu don kada ya taɓa jikin ɗansa. Sun yi nisa, hantsi ya fara ɗagawa, sai tsoho ya ce, "Tsaya, ga shanu." Garke ne yake tsallaka hanya. Mika'ilu ya tsaya. Da ya bar babur yana ƙara a hankali har su wuce, ba wanda zai ce masa don me. Sai dai makiyayin, wani ƙato mai sanda a kafaɗa, ya tsura wa babur ido. Mika'ilu ya ce a ransa, bari wannan ma ya ga ikon Allah. Ya murɗa makulli ya kashe.

Shanu suka wuce. Ya gyara zama, ya ɗaga babban yatsa sama yadda makiyayin zai gani, ya danna.

Ƙyat.

Ya sake dannawa. Ƙyat. Makiyayin ya jira kaɗan ko akwai wani abu a gaba, da ya ga babu ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya bi shanunsa.

Akwai wani ɗan ƙauye a gaba kaɗan, da tsamiya a bakin hanya. Nan Mika'ilu ya tura babur, ya zaunar da Baffa a inuwa. A gindin tsamiyar akwai wani Hussaini, mai facin keke ne, yana kuma taɓa gyaran rediyo. Ya taso yana goge hannu a riga, ya zagaya babur sau ɗaya, ko taɓa shi bai yi ba ya ce, "Fulogi ne."

Ni dai ban taɓa ganin babur ya mutu a ƙasar nan an ce ba fulogi ba ne. Ko taya ce ta fashe sai an sami mai cewa a duba fulogi. Kafin ka ce me, majalisa ta taru, kowa da ra'ayinsa. Hussaini ya sha fama da sifanar keke har ya ciro fulogin, ya hura shi, ya kankare shi da reza, ya ɗaga sama kowa ya gani, kowa ya gyaɗa kai. Ya mayar, Mika'ilu ya danna. Ƙyat.

"To a buga kik mana," in ji Hussaini. Ya kama kan babur, ya ɗaga ƙafa ya sauke a inda ƙarfe ya kamata ya kasance, ƙafarsa ta faɗa iska har ya kusa kifawa. Ya sunkuya ya duba. Ɗan guntun gindin ne kawai ya leƙo, tsirara.

"Alhaji, ina ƙarfen?"

Mika'ilu bai taɓa zuwa Makka ba, amma ba lokacin gyara ba ne. Ya yi gyaran murya ya ce, "Haka kamfani ya ƙera shi."

Majalisa ta yi mamakin Turawa. Daga inuwa Baffa ya ɗan juyo da kunnensa wajen.

Hussaini ya yi tunani mai zurfi, sannan ya ce batir ne ya yi sanyi, kuma shi ya san maganinsa, don na rediyo ma in ya yi sanyi rana suke sa shi ya farfaɗo. Wani ya ce a matsa masa lemon tsami. Wani ya rantse da garin sabulun wanki ƙaninsa ya tashi na mota. Aka dai tsaya a kan rana. Aka kwance batir aka ɗora a kan wani dutse, manyan mutane masu iyali suka zauna suka zuba masa ido kamar masu jiran kaza ta yi ƙwai. Mika'ilu, mai takardar sakandare da ta koyon aikin ofis, yana tsakiyarsu. Zuciyarsa tana gaya masa wannan shirme ne, amma ba shi da wani shirmen da ya fi shi, sai ya ci gaba da duban inuwar tsamiya tana tsukewa.

Ana cikin haka sai ga ƙarar babur. Wani ɗan acaɓa ne da ake kira Ɗan'inna, a kan wani tsohon mashin da aka ɗaure kujerarsa da roba, ƙarfen kik ɗinsa ma da waya aka riƙe shi. Bayansa ba kowa. Ya ji labari ya ce, "Haba, ai wannan mai sauƙi ne. Kawo Baba in kai shi Dutse yanzu, kai ka biyo mu in naka ya tashi."

Wallahi ƙofa ce Allah ya buɗe, a hanyar da mota ba ta bi sai ranar kasuwa. Mika'ilu ya dubi kujerar roba, ya dubi wayar nan. Kwana da kwanaki yana hango kansa yana shiga ƙofar asibiti da jan babur, Baffa a bayansa, Sista Chundung da jama'a suna kallo. Yanzu a ce uban akawun sakatariya ya shiga Dutse a kan acaɓa, ɗan kuma yana daji yana gadin batir? Ina!

"A'a," ya ce. "Ka dai je Buji ka ɗauko min bakanike na gaske, ya taho da batir."

"Yanzun nan! Kafin ka ƙifta ido na dawo."

Ɗan'inna ya buga kik sau ɗaya, tsohon mashin ya amsa, ya tafi.

"Kai," in ji Baffa. "Wannan nasa da ƙafa ya tashi ko?"

"E, Baffa."

"Uhm."

Mika'ilu ya ƙifta ido har idon ya gaji. Daga baya aka ce Ɗan'inna ya sami fasinjan Birnin Kudu a bakin tasha, ya ce bari ya sauke shi tukuna. Allah ya ba shi kasuwa, ba mu da abin cewa.

Da batir ya yi zafin da ba a iya riƙe shi sai da tsumma, Hussaini ya ce ya nuna. Aka mayar. Wannan karon ko ƙyat ɗin ma da ƙyar aka ji. Sai aka koma ga turi. Mika'ilu ya hau, ya sa giya, ya riƙe kuloci, ƙarti suka tura, ya saki. Tayar baya ta ƙi juyawa, sai jan rairayi take tana yin kunya kamar garma. Aka sake, aka kuma, har masu turi suka fara tuna suna da ciwon ƙugu. Ladan ya kira azahar, aka yi salla. Da aka sallame sai ga shi duk ƙauyen za su ɗaurin aure a wani gari, har da Hussaini, wanda ya sa hula ya hau kekensa ya ce, "Alhaji, burji na nan gaba kaɗan, ƙasa mai tauri. Kana kai shi can zai tashi. Ni dai na yi iya yina."

Aka bar su su biyu da tsamiya. Sai a lokacin tsoro na gaske ya shigi Mika'ilu. Rana ta karkata, kuma da la'asar mutanen nan za su naɗe kaya.

Ya ce Baffa ya hau ya tura shi. Tsoho ya ce shi ba buhu ba ne. Ya laluba ya kama ƙarfen baya, ya ce a tafi. Haka suka kama hanya, ɗa yana turi a gaba, uba yana biye da hannu ɗaya a kan babur ɗaya a kan sanda. Gaba kaɗan ɗin Hussaini irin na mutanen ƙauye ne, wanda ake yi da leɓe. Mika'ilu ya tuɓe babbar riga ya ɗaure a kan tanki, hula ta jiƙe, takalmin ofis ya cika da rairayi. Yana turi yana zagin kansa a zuci: akawu, mai maɓalli, wanda ba ya dukan ƙarfe a gaban jama'a. To ga shi nan, babu jama'ar ma.

"Kai," in ji Baffa daga baya. "Ƙarfen nan da aka yi ta nema. Ba kamfani ba ne."

Mika'ilu ya ci gaba da turi.

"Yana ina?"

"Yana gida, Baffa."

"Me yake yi a gida?"

Mika'ilu ya ce, "Yana kan tukunyar wake."

Suka ƙara 'yan taku. Can ya ji babur yana girgiza a hannunsa, ya waiwaya a tsorace. Dariya Baffa yake, marar sauti, kafaɗunsa na rawa, hawaye na bin fararen idanunsa. Mika'ilu bai taɓa ganin haƙoran ubansa a dariya kusa haka ba. Kunya ta kama shi kamar ya nutse, amma shi ma sai da ya dara.

Suka iso burjin inuwarsu ta fara tsawo. Hanya ce siririya mai jar ƙasa, da kwazazzabo hagu da dama, da 'yar gangara kaɗan. Ba mutum ba mota. Mika'ilu ya taɓa ganin 'yan acaɓa suna gudu da babur su yi tsalle su haye, ya ce ai ba wani abu ba ne. Ya tsayar da Baffa a gefe, ya ruga da babur, ya yi tsalle. Tumbin ofis bai yarda ba. Shi da babur suka zube tare, wando ya yage daga gwiwa.

Baffa ya ji faɗuwar. Ya jingine sandarsa a ƙasa, ya tattare rigarsa ya ce, "Hau."

"Haba Baffa, ku da..."

"Na tura bijimin da ya kafe a taɓo. Hau, na ce."

Mika'ilu ya hau, zuciyarsa na ƙuna. Ya sa giya ta biyu, ya riƙe kuloci. Ya ji tafin hannun tsoho biyu a kan ƙarfen baya, ya ji numfashinsa. Babur ya fara gangarawa, ƙafafun Baffa suna bugun burji, da sauri, da sauri, makaho yana gudu a cikin duhunsa. Mika'ilu ya saki kuloci. Babur ya yi tari, ya fizga, ya kama!

Allahu akbar! Ya murɗa totur da ƙarfi kada ya mutu. Ya so ya tsaya, ya tuna in ya taka birki a nan zai iya mutuwa, hanya kuma ta yi ƙunci ba wurin juyawa. Ya hango wani fili can gaba, ya ce bari ya je ya juyo. Ya manta bai gaya wa tsohon zai dawo ba. Abin da Baffa ya sani kawai, ƙarfe ya kuɓuce daga hannunsa, ya faɗi a kan gwiwa, sandarsa ba ta kusa, ƙarar babur kuma tana ta yin nisa.

Mika'ilu yana cikin juyawa a filin nan, ya sassauta totur kaɗan, sai iska ta kawo masa murya, irin muryar da ake kiran saniyar da ta ɓata a daji.

"Mika'iluuu!"

Bai gane ba da farko. Ya ɗaga kai ya hango tsoho a durƙushe a tsakiyar hanya, hannu biyu a miƙe yana laluben iska.

"Mika'ilu!"

Sunansa ne, daga bakin Baffa. Hannun dama ya saki totur, na hagu ya saki kuloci, bai san ya yi ba. Babur ya yi tsalle ɗaya ya yi shiru.

Ya yar da shi a nan ya rugo da ƙafa. Ya tarar da tafin hannun Baffa sun kwaile, gwiwa tana jini. Ya durƙusa ya kama shi yana cewa, "Ga ni, Baffa, ga ni."

Tsoho ya daidaita numfashinsa, ya janye hannunsa a hankali, ya juya fuska gefe. "Kai," ya ce, "ina ƙarar abin?"

"Ya mutu."

"To."

Gwiwar ba ta ƙara ɗaukar gudu ba, Mika'ilu ma bai nema ba. Ya gwada shi kaɗai har ƙarfinsa ya ƙare. A bakin burjin nan suka yi taimama suka yi la'asar, Mika'ilu yana sujada yana jin lokacin yana wucewa ta kansa. Sai da rana ta yi ja wata akori-kura mai ɗauke da itace ta zo ta kwashe su, su da babur, a kan ƙirare.

Ana kiran magariba suka sauka a ƙofar asibiti. Sista Chundung tana tsaye a wurin da jakarta a hannu, ta tashi aiki tuntuni amma ba ta tafi ba. Ta dubi yagaggen wando, ta dubi gwiwar tsoho.

"Baban Ziyad, ina ka tsaya? Na roƙe su, na sake roƙonsu, har suka ƙara jira. Motarsu ta tafi. Sun ce sai baɗi in Allah ya kai mu." Ta rusuna ta ce, "Sannu Baba. Zo in wanke maka ciwon nan."

"Allah bai nufa ba, 'yata," in ji Baffa. "Allah ya yi miki albarka."

Mika'ilu ya so a ce wani ya zage shi, ko ya mare shi, ya ji sauƙi. Ba wanda ya yi.

A gida Zaituna ta shimfiɗa wa surukinta tabarma a tsakar gida, ta gaishe shi a durƙushe, ta koma wajen murhu ba ta tambayi komai ba. Shinkafa da wake take yi. Baffa ya saurari tafasar tukunya, ya ce a miƙo masa ƙarfen nan ya ji. Zaituna ta dubi mijinta, ta sa tsumma ta ɗauko, ta tsoma a ruwa ya huce, ta kawo. Tsoho ya shafa shi daga sama har ƙasa, ya auna nauyinsa a tafin hannu.

"Ɗan wannan ne?"

"Shi ne, Baffa."

Ya ajiye a gefen tabarma. Ya jira har ya ji takun Zaituna ya koma ɗaki da yara, sannan ya ce, "Matso."

Mika'ilu ya matso. Hannun nan mai ɗaurin bandeji ya tashi yana lalube, ya sami kunnensa, ya bi goshi, ya sauko hanci, ya tsaya a gemu.

"Da ina da ido ban kalle ka ba," in ji Baffa, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ba a yi. Shanu na san kamanninsu, ba su nake son gani ba. Cewa na yi in an buɗe, kafin mutane su lura, zan saci kallo ɗaya." Yatsunsa suka shiga cikin gemun. "An ce ka yi furfura. Hannu ba ya gane fari da baƙi. Ka yi?"

Da ƙyar ya ce, "Na yi, Baffa. Kaɗan."

"Uhm," in ji tsoho. Ya janye hannunsa ya juya fuska gefe. "Gobe ka mai da ni wajen shanuna."

Da asuba Mika'ilu ya ari sifanar da ya ara a da, ya ɗaura ƙarfen a mazauninsa. Ya tattare riga a ƙofar gida, masu dawowa daga masallaci suna kallo, ya ɗaga ƙafa ya buga. Bugu ɗaya ya tashi. Ya mai da Baffa ruga, bai ƙara yi masa zancen asibiti ba, tunda haka suka yi.

Likitocin sun dawo baɗi kamar yadda suka ce. Sista Chundung ba ta leƙo ta kan katanga ba, don da ita aka yi zaman makokin Baffa tun kafin ruwan farko ya sauka. Mika'ilu ya sa sabon batir, maɓalli yana aiki lafiya lau, amma har babur ɗin ya tsufa aka sayar, da ƙafa yake tayar da shi.